Darasi: Sayen Gida ta Hannun Dillali

Tun wajen shekarar 2019, rashin tsaro ya sa mutane da yawa daga ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu suka koma cikin garuruwa irin su Batsari da Safana. Wasu sun sayar da shanu ko hatsi don su sami wurin zama. Kuɗin da aka tara da wahala bai kamata ya salwanta a ciniki ɗaya ba.

Baƙo bai san gidan da ake sayarwa ba, shi ya sa yake neman dillali. Aikin dillali shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'ada. Amma ka tuna, dillali ba shi ne mai gida ba. Idan ciniki bai faɗa ba, ba ya samun komai, saboda haka da wuya ya gaya maka aibin gida.

Ka nemi dillalin da mai unguwa ya sani. Kafin ku taka ko'ina, ku yi magana a kan la'ada: nawa ce, kuma wa zai biya? A ce gida ya kai naira miliyan 2, kuka shirya a kan naira 5 cikin kowace 100. La'ada ta zama naira 100,000. Wanda bai tambaya da wuri ba, sai ya ji wannan kuɗi ranar biya.

Wani dillalin yakan ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya faɗa. Maganin wannan ɗaya ne: ka ce sai ka zauna da mai gida, ka ji sallama daga bakinsa. Idan dillali ya yi ta kawo uzuri, wai mai gida ya yi tafiya, wai wani na shirin biya gobe, to ka riƙe kuɗinka.

Babbar rigima tana cikin gidan gado. Sau da yawa ɗa ɗaya yakan sayar, alhali ba a raba gado ba. Bayan shekara sai 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari ta kai ƙara kotu, kuma tana da gaskiya. Ka tambaya: an raba? Ina takardar rabon? Idan ba a raba ba, sai duk magada, maza da mata, sun yarda sun sa hannu. Ka bincika kuma ko gidan yana jingina.

Ka koma ka duba gidan kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Ka gai da maƙwabta, su nuna maka iyaka. Ka tambaye su inda ruwa yake bi da damina. Sabon yaɓe yakan ɓoye tsagewar bango.

Ranar biya, a rubuta takardar ciniki da sunayenku, da kuɗin, da iyakokin gida gabas da yamma, kudu da arewa. Ka karanta da kanka, ai amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci ke nan. A biya a hannun mai gida, gaban shaidu da mai unguwa. Ko kafin alƙalami ne, a rubuta.

Saura hukuma. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka, kuma ana neman yardarta idan za a canza mai shi. Inda aka ayyana a matsayin birni, sai da yardar gwamna. Ka je sashen filaye a sakatariyar ƙaramar hukumarku da takardarka.

Aikin gida: an sayi gida naira 1,500,000, la'ada naira 5 cikin 100. Nawa dillali zai karɓa?