Yadda Aka Gano Ƙarar da ke Motar Kawuna

Yawancinmu idan mota ta soma wata ƙara, iyakar abin da muka sani shi ne mu ce ta lalace. Ni ma haka nake, sai a hutun damina da ya wuce, lokacin da na bi motar kawuna, na ga yadda ake bin sawun ƙara har a kama ta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, domin 'yan'uwana ɗalibai, da kuma iyayenmu waɗanda abincinsu ke kan taya.

Motar tsohuwar Mercedes ce mai gajeren hanci, wadda ake kira 911. Lambar nan tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki 110. A Jamus aka fara ƙera masu wannan siffa a 1959, daga 1980 kuma aka riƙa haɗa manyan motocin kamfanin a Inugu. Tamu ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita ake ɗauko masara daga Saminaka zuwa kasuwar Dawanau a Kano, kuma daga abin da ta samo ne ake saya mini littattafai da sabulu da garin kwaki idan za a koma makaranta. Watau in ta kwanta, akwatina ma ya kwanta.

Ƙarar da ta soma ba irin wadda aka saba ji ba ce. Wani gurnani ne mai kauri, sai ka ce ana niƙa tsakuwa a dutsen niƙa. Takan zo, ta ɗauke, ta kuma dawo. Direba ya lura in ya ɗan taɓa birki sai ta ragu, saboda haka ya rantse layinin birki ne ya cinye. Aka canja na baya, aka kashe kuɗi, ƙara kuwa tana nan daram. Yaron mota kuma ya ce giya ce. Da kawuna ya ji an ambaci giya sai ya yi shiru, domin sauke akwatin giya ba ƙaramar hidima ba ce.

Daga nan aka kai ta wurin wani dattijon makanike. Na yi tsammani zai ɗauko sufana nan take. Ina! Tambayoyi ya fara yi, kamar likita. Yaushe ta soma? Da kaya ta fi yi ko ba kaya? An ratsa ruwa kwanan nan? Direba ya ce lalle sun ratsa wani rafi sau biyu, har ruwa ya rufe rabin taya. Dattijon ya gyaɗa kai, bai ce kome ba.

Abu na farko da ya koya mini shi ne, duk abin da ke juyawa a mota kashi biyu ne. Akwai masu bin gudun inji, kamar fanka da famfon ruwa da kulos. Akwai kuma masu bin gudun taya, kamar farfela da aksul da boris da gangar birki. Na farkon suna juyawa ko da mota na tsaye, muddin inji na aiki. Na biyun kuwa ba sa motsi sai mota ta motsa. To, aka tayar da inji tana tsaye, aka taka totur, aka saki, ba a ji kome ba sai kukan inji da aka sani. Da wannan kaɗai an wanke inji da duk abin da ke jikinsa.

Sa'an nan ya sa direba ya taka kulos a hankali ya saki. Ya ce da ƙarar za ta zo lokacin da aka taka, to boris ɗin kulos ne. Da kuma za a ji ta sa'ad da mota ke firi, ta ɗauke in an taka, sai a zargi bakin akwatin giya. Ba a ji ko ɗaya ba. Kawuna ya yi ajiyar zuciya, amma dattijon ya ce, "Alhaji, kada ka yi murna tukuna, sai mun hau titi."

A kan titi ne aikin ya yi daɗi. Ni aka zaunar a gefen ƙofa ta dama, shi kuma a tsakiya. Da muka kama gudu ƙara ta taso. Ya sa aka canja giya daga uku zuwa huɗu, muryarta ba ta canja ba, alhali kukan inji ya sauka. Ya sa aka taka kulos aka bar mota ta gangara, tana nan. Ya sa aka ba ta wuta, aka ɗauke ƙafa, aka sake ba ta wuta. Ya ce haƙoran aksul in sun ci, kukansu yakan bambanta tsakanin lokacin da inji ke jan mota da lokacin da mota ke tura kanta. Tamu kuwa ba ruwanta da totur, gudu kawai take bi. Ashe saura tayoyi.

Da muka sami wuri shimfiɗaɗɗe wanda ba motoci, sai ya ce direba ya karkata sitiyari hagu kaɗan, sa'an nan dama. Abin mamaki, in an yi hagu sai ƙara ta ƙaru, in an yi dama sai ta kusa ɓacewa. Nan na tuna darasinmu na kimiyya. Mota in ta karya hagu, nauyinta yakan koma kan tayoyin dama. Ke nan abin da ke kuka yana ɓangaren dama, kuma nauyi ne ke sa shi kuka. Shi ne dalilin da ya sa ta fi yi in an yi lodi. Na ce masa, "Baba, ni fa ina jin wani ɗan kaɗawa a tafin ƙafata." Ya yi dariya ya ce ƙafata ta fi kunnen direba, domin ƙara tana bin ƙarfen shasi ta fito a inda ba nan ne gidanta ba, direba kuma yana zaune can hagu.

Muka tsaya, ya zagaya yana kai bayan hannunsa kusa da cibiyar kowace taya. Uku ɗumi ne kawai. Ta gaba ta dama kuwa ba ta taɓuwa, har da ƙaurin giris da ya ƙone. Gogayya ke haifar da zafi, kamar yadda muke murza tafin hannu da sanyin hunturu.

A gareji aka danne sauran tayoyi da duwatsu, aka ɗaga ta da jak, aka kuma tokare da guntun katako mai kauri. Dattijon ya ce wanda ya amince wa jak shi kaɗai bai san darajar ransa ba. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sai ga ta tana wasa. Ya juya ta da hannu, muka ji gurnanin nan namu sosai. Da aka kwance, sai ga roba mai tare giris ta yage, ruwan rafi da yashi sun shiga, giris ya zama kamar laka mai tsatsa. 'Ya'yan boris, waɗanda ya kamata su yi sumul kamar madubi, duk sun yi ramuka, wasu har sun yi shuɗi don zafi.

Saura tambaya ɗaya, kuma ni na yi ta: me ya sa birki ke rage ƙarar? Ya ce da boris ya yi sako-sako, gangar birki ma takan yi lilo tare da taya. In an taka birki sai layini ya riƙe gangar ya daidaita ta na ɗan lokaci, ƙara ta lafa. Direba bai yi ƙarya ba a kan abin da ya ji, fassararsa ce ta kuskure. A ganina laifinsa guda ne, da ya canja abu kafin ya gwada. Da an ci gaba da tafiya haka, boris yana iya kamewa, ko taya ta fice ana cikin gudu da buhuna a baya, kuma tayar gaba ce, wadda sitiyari ke riƙe da ita.

Aka sayo boris biyu, na ciki da na waje, tare da zobbansu da sabuwar roba, domin sabon boris a kan tsohon zobe ba ya daɗewa. Ni aka ba aikin cusa giris a tsakanin 'ya'yan da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya ɗaure noti yana juya taya, sa'an nan ya ɗan sassauta shi kaɗan ya kulle. In ya yi tsauri zai yi zafi, in ya yi sako-sako kuma an koma gidan jiya. Ya kuma sa aka buɗe ta hagu, tun da rafi ɗaya suka ratsa. Ita robarta lafiya lau, giris kawai aka sabunta.

Washegari da asuba muka yi lodi. Daga Saminaka har Dawanau ina zaune a gefen ƙofa, na cire takalmi na kafa tafin ƙafata a ƙasa, ban ji kome ba sai inji.