Ƙaramin Jirgin Zariya Zuwa Jos: Me Ya Kawo Shi, Me Ya Kashe Shi?

TAMBAYA

Malam, ni mutumin Saminaka ne, sana'ata tuƙin mota tsakanin Zariya da Jos. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labari cewa da ƙuruciyarsa a jirgin ƙasa yake zuwa Jos, a Rahama yake hawa, kuma wai jirgin ɗan ƙarami ne, ba irin wanda muka sani ba. Ni kuwa kullum ina kan wannan hanya, ban taɓa ganin dogo ba. Abokaina sun ce tsufa ne ya sa ya haɗa labarin Kafanchan da na nan. Don Allah a warware mini: an taɓa yin jirgi a nan? In an yi, me ya kawo shi, kuma ina ya tafi?

Daga wani mai karatu, Saminaka.

AMSA

Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Ka gaya wa abokanka tsoho bai rikice ba, gaskiya ya faɗa muku. An yi jirgi a wannan hanya, ya yi aiki sama da shekara arba'in, kuma Rahama tana cikin manyan tashoshinsa. Turawa suna kiransa ƙaramin jirgin Bauchi. An fara shimfiɗa dogon daga Zariya a 1911, ya isa Rahama a 1912, ya hau Jos ya zarce Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143, wato wajen kilomita 230. Yana bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre, kusan garuruwan da kake ratsawa da motarka. An rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan, shi ya sa ba ka ganin komai.

Kada sunan ya ruɗe ka. Jirgin bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin ƙasar Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, ba a yanke Lardin Filato ba sai a 1926.

Ƙanƙantar da kakanka ya ambata ita ma haka take. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Na wannan jirgi ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Saboda haka kan jirgin ƙarami ne, taragunsa matsattsu, gudunsa kaɗan.

Abin da ya kawo shi kuwa kalma ɗaya ce: kuza. In ka riƙe wannan, duk sauran labarin zai warware maka, daga hanyar da ya bi har zuwa mutuwarsa.

Amma kafin mu zo kan Turawa, akwai abin da ba na so ya wuce mu, domin ana yawan tsallake shi. Ba Bature ne ya gano kuza a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansu akwai mutanen Ririwai da na Liruwen Dalma da suka gaji narka ta kaka da kakanni. Su wanke yashin rafi har baƙin ƙwayar ta kwanta a ƙasan ƙwarya, su zuba ta a matoya tare da gawayi, su yi ta zuga har ta narke, sannan su zubo ta siri-siri kamar tsinke. Waɗannan tsinkayen fatake suke ɗauka zuwa kasuwanni, maƙeran farfaru su saya. A hannun 'yan kasuwa ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka fara ganinsu, suka shiga bin sawu. A 1902 suka aiko mai binciken ma'adinai, ba da jimawa ba wani injiniya mai suna Laws ya kafa sansani a Naraguta. Zuwa 1910 labarin ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta kwararowa suna yankar fili. Dokar mulkin mallaka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ita ke ba da lasisi, kuma rabin kuɗin da ake karɓa a kan ma'adinai na Kamfanin Neja ne bisa yarjejeniyar da aka yi da shi a 1900. Masu sana'ar gado suka wayi gari an raba rafukansu ga baƙi. Cikin 'yan shekaru matoyansu suka mutu, da yawansu suka koma yi wa kamfanoni aikin neman inda kuza take, tunda sun fi kowa sanin wurin. Daga nan har zuwa farkon shekarun 1960, da aka gina masana'antar narkawa a Makeri kusa da Jos, ɗanyar kuza ake lodawa a kai Ingila a narka a can. Ni a ganina wannan ita ce asara ta farko a labarin nan, kuma ta fi rufe jirgin ciwo.

To, an haƙo kuza, ta yaya za ta kai teku? Da fari a kan mutane da jakuna. 'Yan dako su ɗauki buhu a ka, su sauko daga duwatsu, su yi tafiyar wajen mil 200 zuwa Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa ke jira. Buhun kuza ƙarami ne a ido, amma wanda ya taɓa ɗaga shi ya san ba wasa ba ne. Injinan haƙa kuma ta wannan hanya ake hawo da su gunduwa-gunduwa. Da dogon Baro zuwa Kano ya ratso ƙasar Zazzau, ya isa Kano a 1911, sai aka koma kai kuza Rigachikun. Tafiya ta ragu, amma kamfanoni ba su gamsu ba, suka matsa wa gwamnati lamba a kawo musu dogo har bakin rami.

Gwamnatin Arewa ta wancan lokaci ba ta da kuɗi, da tallafin Landan take rayuwa. Sai aka nemi mafi araha. Siririn dogo ba ya buƙatar babban gini: yana iya shan kwana mai tsanani, ya kewaye dutse maimakon a fasa shi, gadojinsa ƙanana, ƙarafansa marasa nauyi. Ga kuma kaya a ajiye. Tun a 1901 Gwamna Lugga ya sa an shimfiɗa wani ɗan dogo mai wannan faɗi daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, don ɗauko kaya daga jirgin ruwa zuwa hedikwatarsa. Shi ne dogo na farko a Arewa. Da babban layi ya iso Zungeru amfaninsa ya ƙare, sai aka kwashe kayansa aka kawo wa sabon aikin na Zariya. Ka ga ke nan tun ranar farko da gwanjo aka fara.

Hannun da suka yi aikin kuwa na kakanninmu ne. A wancan zamani in za a yi dogo, Razdan zai faɗa wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a ɗebo talakawa ko suna so ko ba sa so. Da diga da shebur da kwando suka sare daji, suka tara ƙasa, suka haƙa tudu. Mafi wuyar aikin daga Jengre ne zuwa sama, inda dogo ke hawan dutse. Zariya tana bisa tsayin da bai kai mita 700 ba daga teku, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200, kuma yawancin hawan a ƙarshen tafiya yake.

Ka kwatanta wannan hawa a cikin kan jirgi mai tururi. Direba na riƙe da linzami, idonsa a kan agogon tururi. A gefensa mai zuba wuta na tsaye da shebur, ya buɗe bakin murhu, ya watsa kwal, ya rufe, ya sake buɗewa, zufa na zuba ko da sanyin Jos ya fara busowa. Wutar ce ke tafasa ruwan tukunya, tururin ya tura ƙafafu. In wuta ta yi sanyi jirgi ya tsaya a tsakiyar tudu. In ruwa ya yi ƙasa tukunya na iya lalacewa, shi ya sa ake tsayawa a tashoshi a sha ruwa daga tanki. Kafin a fara haƙar kwal a Inugu wajen 1915, itace ake ƙonawa ko kwal da aka yo odarsa daga Ingila.

Araha kuwa ba ta ado. Ciwon wannan jirgi a Zariya yake. Tunda faɗin dogonsa ya bambanta da na babban layi, taragonsa ba ya iya wucewa. Duk buhun kuza da ya sauko daga Bukuru sai leburori sun sauke shi daga ƙaramin tarago sun loda a babba. Duk injin da ya taso daga Legas ko Baro sai an yi masa haka kafin ya hau dutse, in ya fi ƙarfin ƙaramin tarago kuma sai an kwance shi. Kowane sauke da lodi kuɗi ne, ɓata lokaci ne, wani abu ya fashe, wani ya ɓace. Kamfanoni sun haƙura da haka ne domin ba su da zaɓi.

A 1927 suka samu zaɓi. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya iso Kafanchan, aka yanko reshe mai cikakken faɗi ya hau zuwa Jos. Guntun da ke tsakanin Bukuru da Jos aka faɗaɗa shi. Yanzu kuza na iya shiga tarago ɗaya daga Bukuru ta nufi Fatakwal, wadda ta fi Legas kusa, tarago ya dawo da kwal ɗin Inugu. A 1932 aka gama gadar Makurɗi, aka huta da fito a Binuwai. Shekara 13 kacal ƙaramin jirgi ya yi yana cin kasuwar kuza shi kaɗai, babban abokin cinikinsa ya juya masa baya.

Duk da haka ya ƙara shekara 30, kuma wannan ne zamanin da kakanka ya sani. Waɗanda ba don su aka yi jirgin ba, su suka riƙe shi. Barikokin kuza sun tara dubban ma'aikata daga Kano, Zazzau, Sakkwato, Barno da ƙasar kudu, kuma duk sai sun ci. Ƙasar da ke tsakanin Soba da Lere ƙasar noma ce. Dawa da gero da shinkafa suka riƙa hawa dutse, auduga da gyaɗa suna gangarowa Zariya. Matasa in sun gama girbi su hau jirgi su je cin rani wajen kuza, su ɗauki kwano a ka daga rami zuwa wurin wanki, su tara kuɗin haraji da na aure, su dawo kafin shuka. Tashoshi suka zama kasuwanni, masu abinci da masu masauki suka kafu a gefensu.

Sai dai kada a yi wa zamanin ado fiye da kima. Mutanen da aka tarar a kan dutsen, Birom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, sun rasa gonaki masu yawa, aka bar musu tudun jar ƙasa da kududdufai masu zurfi da har gobe suke cin rayuka. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma, da Japan ta ƙwace Malaya mai arzikin kuza daga hannun Ingila, sai aka ɗora nauyin a kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa aka kai su rami dole. Ba isasshen abinci, ba bargo, ba ɗaki na kirki, ga sanyin da ba su saba da shi ba. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu a can. Duk mai ba da tarihin kuza da jiragenta ya tsallake wannan, bai cika amana ba.

Bayan yaƙi sai mota ta shigo da ƙarfinta. Ɗan'uwa, sana'arka ce ta ƙarasa shi. Babbar mota na ɗaukar kaya daga kasuwar ƙauye ta sauke a ƙofar mai shi, ba jiran ranar jirgi, ba sauke da lodi a Zariya. Kawunan jirgin sun tsufa, kuma kayan gyaransu daban suke da na sauran jiragen ƙasar nan, sai an tanada musu nasu. A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, wadda ake so ta riƙe kanta da kuɗin da take samu. Hukuma irin wannan ba za ta daɗe tana ciyar da layin da ba ya mayar da kuɗinsa ba. Bayan shekara biyu aka rufe.

A lissafin kuɗi ba a yi kuskure ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne lissafin da aka yi tun 1911, da aka auna dogon da buƙatar kamfanonin kuza kawai. Da an yi shi da cikakken faɗi, da Zariya da Jos sun haɗu kai tsaye da sauran ƙasa, hatsin Lere ya shiga tarago ɗaya har Kano ko Gusau, kuma da wuya a tumɓuke shi cikin sauƙi haka. Shekara ɗaya bayan rufewar, a 1958, aka samu rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, aka fara sabon layi daga Kuru kusa da Bukuru. Shi ne ya shiga garin Bauchi a 1961, ya bi ta Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Garuruwan tsohuwar hanya kuwa ba a sake waiwayarsu da dogo ba. Bayan rufewar, mai son zuwa Jos daga Zariya a jirgi ya zama sai ya zagaya ta Kaduna da Kafanchan.

In kana son abin nuna wa abokanka, ka shiga gidan tarihi na Jos wata rana bayan ka sauke fasinja. An adana tsofaffin kawunan jirgi na wannan layi a harabar wurin, tare da kayan tarihin haƙar kuza. A tashar Minna kuma akwai kan jirgin Wushishi na farko. A kan hanyarka ma, in ka tsaya a Rahama ko Kudaru ko Dutsen Wai, nemi dattawan da suka haura shekara tamanin ka tambaye su inda tasha take. Waɗanda suka hau jirgin da ƙafarsu sun ragu ƙwarai, don haka ka kunna wayarka ka ɗauki muryarsu, ka tambayi nawa ake biya, wane kaya ake lodawa, su wa suka yi aiki a tashar. In ka samu wani abu ka aiko mana, za mu buga a wannan fili.