Littafi Ɗaya, Mako Guda: Shawarwari ga Iyayen Yara 'Yan Shekara 3 zuwa 6

A gidaje da yawa, in aka saya wa yaro littafi mai hotuna, sau ɗaya ake karanta masa, sai a ɗora a saman durowa wai kada ya yaga. Wannan asara ce babba. Littafi ɗaya mai 'yan shafuka zai iya shagaltar da yaro mako guda cur, ya koyi ƙirga, launi, sababbin kalmomi da aikin hannu, kuma duk kayan da za a nema suna nan cikin gida. Mu ɗauka littafinku labarin wata akuya ne da ta tsinke igiya ta shige kasuwa. Ga yadda za ku ci moriyarsa.

1. Ku zaɓi littafin da ya dace da shekarunsa. Hotuna su zama manya, rubutu kada ya wuce jimla ɗaya ko biyu a shafi, labarin kuma ya ƙunshi abin da yaro yake gani kullum: kaji, keke, rijiya, kasuwa. In babu a shagon littattafai, akwai a intanet kyauta. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, dukansu suna da labarai da Hausa. Ku sauke, ku kai shagon kwamfuta a buga muku a takarda. Bugawar ta fi miƙa wa yaro waya, domin tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.

2. Ku fara da hira a kan hotuna. Ranar farko kada ku yi saurin karanta rubutun. Ku zauna a tabarma, yaro a cinya ko a gefenku, shi zai riƙa buɗe shafi. Ku tambaye shi: "Wace ce wannan? Ina za ta? Me ya sa mai tumatir ya ɗaga sanda?" In ya ce, "Akuya," ku ƙara masa: "Ƙwarai, jar akuya ce, ga guntuwar igiya a wuyanta." Da haka kalma ɗaya take zama jimla a bakinsa. A 1988 wani masanin halayyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun gwada wannan salo, suka ga yaran da iyayensu ke yi musu tambayoyi a kan hotuna sun fi ƙaruwa da kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai. Wannan albishir ne ga uwar da ba ta yi boko ba. Hoto ba ya buƙatar sai an iya karatu, kuma hirar ita ce ginshiƙin aikin.

3. Kada ku gaji da maimaici. Yaro zai ce, "Umma, a sake." Ku sake. A karo na uku ko na huɗu ku riƙa tsayawa a tsakiyar jimla, ku bar shi ya ƙarasa. In kuka sauya wani abu da gangan ya gyara muku, to labarin ya zauna masa.

4. Ku kafa kasuwar littafin a tsakar gida. Ku shimfiɗa buhu, ku kasa albasa, lemo, da 'yan ƙullin gishiri, murafen kwalba su zama kuɗi. Yaya ta zama mai kaya, ƙaramin ya zo cefane: "A ba ni albasa uku." Ku lura da wani abu a nan. Yaro yana iya rera ɗaya zuwa ashirin da ka, amma in aka ce ya ɗebo guda huɗu sai ya cika hannu. Maganin wannan shi ne ya riƙa taɓa kowane abu da yatsa yana faɗin lambarsa, sannan ku tambaye shi, "To, duka nawa ke nan?" Ku tsaya a biyar har sai ta zauna kafin ku nufi goma. In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a wurin, ku kawar da wake, gyaɗa da tsakuwa, don yara kan haɗiye su ko su cusa a hanci da kunne.

5. Ku haɗa launi daga kicin. Ruwan zoɓo mai kauri zai ba ku ja, kurkur ya ba ku rawaya, dakakken ganyen alayyaho ya ba ku kore, gawayi kuma baƙi. Ku yaga kwali ku ba shi, ya zana akuyar da yatsa ko da gashin kaza. Kada ku kama hannunsa, kada kuma ku ce ba ta yi kama da akuya ba. Ku ce, "Ba ni labarin abin da ka zana," sannan ku rubuta abin da ya faɗa a ƙasan zanen yana kallo. Nan ne zai fara gane cewa maganar baki ita ake mayarwa rubutu.

6. Harafi ɗaya ya isa a mako. Ku ɗauki na farkon sunan tauraruwar labarin, wato "a", ku nemi inda ya ɓuya a shafuka. Ku zuba rairayi a faranti ya riƙa zana shi da yatsa, ya share, ya sake. Ku zagaya gida neman abubuwan da suka fara da sautinsa: allo, ayaba, agogo, abarba. In mako ya zagayo kan ɓ, ɗ ko ƙ, ku nuna masa lanƙwasar da ke kansu tun yanzu. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya saba da rubutu daga dama zuwa hagu, don haka ku riƙa bin layi da yatsa in kuna karantawa, ku gaya masa boko daga hagu yake farawa. Yara suna riƙe duka biyun ba tare da wahala ba in an nuna musu.

7. Ku mayar da labarin wasa. A gina akuya da yumɓu, a yi rumfar kasuwa da karan dawa, tsohuwar safa ta zama kan mai tumatir. Murza yumɓu da ɓare kara suna ƙarfafa 'yan yatsun da gobe za su riƙe fensir. Ku raba matsayi, kowa ya yi muryar nasa, sannan ku tambaya: "Me ya fara faruwa? Sai me? Yaya aka ƙare?" Jera labari daki-daki shi ne tushen fahimtar karatu a firamare.

8. Ku fita da littafin waje. Ku kai yaro wurin akuyar gaske ya ga abin da take ci, ya ƙirga ƙafafunta, ya kwatanta ta da ta cikin hoto. Ku jiƙa wake ku shuka a gwangwani, ya riƙa ba shi ruwa, cikin 'yan kwanaki zai ga tsiro. Ku kuma koya masa kwanakin mako. Malaman nazare a Amurka da Ingila sun daɗe suna koyar da kwanakin mako da littafin Eric Carle na 1969, mai labarin tsutsar da ke cin wani abu daban kowace rana. Mu kuwa muna da ranakun kasuwa: Juma'a ta Wudil ce, Lahadi ta Mai'adua. Ku fara da ranar da kasuwar garinku ke ci, ku jera masa sauran daga nan.

9. Ku yi naku littafin. Ku roƙi Kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ku raba ta gida shida, kowane kashi a shafi ɗaya. Yara su yi zane, babba ya rubuta jimla, a ɗinke da zare da allura, a rubuta sunayensu a bango. In tatsuniyoyin sun kwanta muku, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa a jerin littattafansa Tatsuniyoyi da Wasanni.

10. Kaɗan kullum, kuma cikin raha. Minti goma zuwa sha biyar bayan la'asar ko kafin barci sun wadatar. In ya fara mutsu-mutsu ku rufe, gobe ma rana ce. Ba tsawa, ba bulala, ba gwada shi da ɗan maƙwabta, domin yaron da ya sha duka a kan littafi zai girma yana gudunsa. Baba ma ya karɓi nasa kwanan, kada a bar wa uwa ita kaɗai.

Ku ajiye littattafan a kwando inda hannun yaro zai kai. In shafi ya yage, ku liƙe shi tare da shi, ya koyi tattali. In mako ya ƙare, ku yi musaya da maƙwabta: gida huɗu masu littafi uku-uku sun haɗa goma sha biyu, kusan wata uku ke nan kowane yaro yana samun sabo duk mako. Ku yi magana da su tun yau, ku sa ranar farawa.