Kafin ka shafa wa bangon nan fenti

Ɗana, na ji daɗin labarin cewa ka samu gida a Bronx, kuma mai ɗakinka da yarinya suna hanya. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a. Ka tambaye ni launin da ya fi dacewa da falo da ɗakin kwana. Za mu zo nan, amma akwai tambayar da ta riga ta launi: a wace shekara aka gina gidan?

Dogayen gidajen haya na jan bulo da kake gani a kewayen Grand Concourse, da ire-irensu a Harlem da Brooklyn, da yawansu an gina su ne tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamanin fenti mai dalma ake yayi, domin yana da ƙarko kuma yana jure wanki. Birnin New York ya hana shafa shi a gidajen zama a 1960, gwamnatin tarayyar Amurka ta biyo baya a 1978. Sai dai hanin bai kankare wanda ya riga ya hau bango ba. Sabo aka yi ta ɗorawa a kan tsoho, duk wanda ya tashi a shafe don mai shigowa, na ƙasan yana nan kwance. Muddin na saman lafiya lau yake, da sauƙi. Ranar da ya fara ɓarewa, ko wani mai ƙwazo ya sa samfefa ya goge don bango ya yi sumul, ranar ce dalmar ke zama ƙura.

Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida. Fiye da yara 400 aka rasa. Dalmar da ta yi wannan ɓarna ita ce ke ƙarƙashin tsohon fenti a nan, bambancin kawai a nan kaɗan-kaɗan take shiga. Yaro ba zai kwanta ba, ba zai yi zazzaɓi ba, amma tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, sai ya shiga makaranta a ga karatu yana yi masa nauyi. Abin da ta ɓata kuwa ba ya dawowa yadda yake. Shi ya sa na matsa maka a kan wannan.

Idan ka koma gidan, ka je bakin taga da rana. Ka ɗaga ta, ka duba ramin da take zama a ciki, ka shafa yatsa. In ka ga farin gari ya manne maka, ko ƙananan ɓawon fenti, ko ka ga fentin katakon ya tsattsage kamar fatar kada, to ka dakata. Ka duba gefen ƙofofi inda suke gogar juna, da bututun ɗumama ɗaki. Tsayin bakin tagar nan daidai bakin yaro mai koyon tafiya yake, kuma ɓawon fenti mai dalma yana da ɗan zaƙi, shi ya sa suke tauna shi. Kada ka kankare da kanka, kada ka goge a bushe, kada kuma ka ba wani ɗan'uwa aikin don zai yi maka rangwame. Gyaran irin wannan na masu takardar shaidar ƙwarewa ne, kuma nauyinsa a kan mai gida yake.

Doka tana bayanka. Tun 2004 birnin ya ɗora wa masu gidajen haya da aka gina kafin 1960 alhakin duba duk gidan da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ke zaune a ciki kowace shekara, su gyara duk fentin da ya ɓare. Wata doka ta 2020 ta ƙara da cewa a gwada bangon da na'ura, wa'adin kuma ya cika a Agustan 2025, don haka kana da damar neman sakamakon. A farkon kowace shekara za a turo maka takarda ana tambayar ko akwai ƙaramin yaro a gidan. Ka cika ta da gaskiya ka mayar. Mutanenmu da dama suna jin nauyin irin waɗannan takardu, suna ganin shiru ya fi zama lafiya, alhali takardar nan kariyar 'yarka ce. In an yi maka kunnen ƙashi, ka kira 311, hukumar gidaje ta HPD za ta aiko mai dubawa. Haƙƙin ɗan haya bai rataya ga irin takardun zamansa ba.

Wani abin da ƙila ba a faɗa maka ba: a ginin da ke da gidaje uku ko fiye, mai gida ne doka ta ce ya yi fenti duk shekara 3. Saboda haka ka yi magana da sufan ginin, wato mai kula da shi, kafin ka taɓa aljihunka. In kuma launin ranka kake so, ka nemi izini a rubuce, domin kada ranar tashi a cire kuɗin mayar da bango fari daga kuɗin ajiyarka.

To, mu ce bango lafiya yake, izini ya samu. Ka sayi fenti na ruwa, ka bar na mai. A gida muna shafa fenti mu bar ƙofa da taga a buɗe, iska ta kwashe warin. Nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris a rufe kuke, bututu yana ta huci, abin da bango ya fitar ku za ku shaƙa. Bronx na cikin wuraren da asma ta fi addabar yara a birnin nan. A jikin gwangwani ka nemi inda aka rubuta cewa sinadaran VOC kaɗan ne ko babu, su ne masu tashi cikin iska su sa ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro. Benjamin Moore, wanda a Brooklyn aka kafa shi a 1883, da Sherwin-Williams, da Behr da ake sayarwa a Home Depot, duk suna da irinsa. Ban ɗaure ka da ɗaya ba. Abin da zan ce kawai, kada ka ɗauki na can ƙasan farashi, araha ba ta ado. Mai arhar sai ka shafa sau uku bai rufe ba, mai kyau sau biyu ya isa. Galan ɗaya yana cin murabba'in ƙafa 350 zuwa 400 a shafi guda, sai ka auna bangonka ka yi lissafi.

Sai maganar ƙyalli, wadda a gidan Bahaushe ta fi launi muhimmanci. Mu masu suya ne, masu manja da man gyaɗa, masu turaren wuta, masu baƙi ranar suna da Sallah. Na taɓa ganin kicin ɗin da aka yi wa fenti marar ƙyalli ko kaɗan. Miya ta fantsama a bayan murhu, uwargida ta sa soso da sabulu, jan ya ƙi fita, fentin ya biyo soson, wurin ya zama dabbare-dabbare. Marar ƙyalli na silin ne, da tsohon bango mai tudu da kwari da kake so ya ɓoye aibinsa. Falo da ɗakin kwana ka ba su wanda ake kira eggshell, ƙyallinsa kaɗan ne amma yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma. Kicin da banɗaki su samu wanda ake kira satin, ƙofofi da katakon gindin bango su samu semi-gloss, tunda nan ne hannun yara ba ya rabuwa da su. In ka ga baƙin tabon funfuna a banɗaki, fenti ba ya kashe shi, kuma wanda aka shafa a kan danshi kumbura yake ya zube. A fara toshe yoyon, a wanke, a bushe. Inda hayaƙi ko ruwa ya bar rawaya, a shimfiɗa firaima mai tare tabo tukuna, in ba haka ba rawayar za ta sake ɓullowa.

Launi kuma, ka tuna ranar nan ba irin ta Katsina ba ce. Yawancin tagoginmu bangon maƙwabci suke kallo, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 duhu ya yi. Launi mai duhu yana ƙuntata ɗaki, fari fat kuma a ɗakin da ba rana yakan koma toka-toka, ya sa wurin ya yi sanyin gani. Ni na fi son fari mai ɗan ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, suna karɓar darduma da labulenmu masu launi. Ka sayi ƙaramin gwangwanin gwaji, ka shafa faɗin sallaya a bango, ka dube shi da hantsi, ka sake dubawa bayan Isha'i da fitila a kunne. Ka tura wa mai ɗakinka hoton ta faɗi ra'ayinta, ita za ta fi ka wuni da bangon nan.

Ka gama aikin da kwanaki kafin su sauka, tagogi a buɗe, sannan ka goge ƙasa da bakin tagogi da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya mai tada ƙura. Ragowar fenti ka rufe shi da kyau ka rubuta ɗakin da aka shafa a murfin, wanda ba ka buƙata kuma akwai shagunan da ke karɓa kyauta tun 2022, kada ka zuba shi a magudana. Idan yarinya ta iso, jihar New York ta wajabta a gwada jinin yara don dalma a shekara 1 da shekara 2, ka nemi likita ya yi mata ko da ta wuce haka. Ka kuma gaya wa mahaifiyarta ta baro kwallin jarirai can gida, kada ta taho da shi, hukumar lafiya ta birnin ta sha gargaɗi cewa ana samun dalma mai yawa a cikinsa. Ranar da sufan zai zo duba tagogin, ka kira ni in zo mu tsaya tare.