Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Intanet Ta Ɗauke Bayan Na Saka Sabuwar Manhaja?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: ya saka manhajar LXDE a kwamfutarsa mai amfani da Debian, daga nan intanet ta riƙa yankewa. Me ya jawo haka?

To, Malam, manhaja a Debian ba ta zuwa ita kaɗai. Idan ka umarci apt, mai saka manhajoji a Debian, ya saka maka abu, yakan ɗauko duk abin da manhajar ta dogara da shi, har da waɗanda masu haɗa ta suka ba da shawara kawai. LXDE kan zo da ConnMan, mai kula da haɗa kwamfuta da intanet. Idan kuwa da ma kana da NetworkManager, mai irin wannan aikin, an samu direba biyu ke nan a mota ɗaya: wannan ya nemo adireshi, wancan ya sauya, kowa yana taɓa fayil ɗin /etc/resolv.conf da ke nuna wa kwamfutar inda za ta nemi sunayen shafuka.

Ka buɗe /var/log/apt/history.log, za ka ga duk abin da ya shigo a ranar. In ka ga connman, ka cire shi da "apt purge connman", sannan ka sake kunna kwamfutar. Cirewa ba ta buƙatar intanet.

A gaba, ka riƙa ƙara --no-install-recommends a umarnin apt don kada ya ɗauko waɗanda aka ba da shawara kawai, kuma don Allah ka karanta jerin da apt ya nuna maka kafin ka amince.