Sanyin Ƙarƙashin Ƙasa: Sharuɗɗa ga Maigida Kafin Ya Sa Diga

Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwan rijiyar burtsatse da asubahin hunturu ya san da ɗuminsa yake fitowa. Ruwan nan dai, ka tara masa hannu da azahar a watan Afrilu, sai ka ji shi da sanyi-sanyi. Ruwan bai canja ba, iskar sama ce ta canja. Da zarar an nutsa 'yan mitoci, zafin ƙasa kusan a tsaye yake, rani da damina. A kan wannan aka gina dabarar sanyaya ɗaki ko ɗumama shi da ƙarƙashin ƙasa, kuma iri biyu ce. Akwai mai sauƙi: a binne dogon bututu, fanka ta jawo iskar waje ta cikinsa, ƙasa ta shanye zafin kafin iskar ta shiga ɗaki. Akwai mai tsada: a haƙa ramuka masu zurfi, a zura tiyon da ruwa ke kewayawa a ciki, a haɗa da inji irin na iyakwandishan. Maigida, idan ɗaya daga ciki ta shiga ranka, ga abin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba.

Ka auna kafin ka kashe ko sisi. Ka sayi ma'aunin zafi, ka je burtsatse mafi kusa da filinka, a buga ruwa na tsawon minti goma har wanda ya kwana a bututu ya fice, sannan ka tara a bokiti ka auna nan take. Abin da ka gani, kusan shi ne zafin ƙasar da kake son ta sanyaya maka ɗaki. A yankinmu ka sa ran digiri 28 zuwa 30. Ka rubuta wannan lamba ka ajiye, domin babu bututun da zai ba ka iskar da ta fi ta sanyi. Ranar da waje ya kai digiri 41, bututu mai kyau zai iya shigo maka da iska mai digiri 31 ko 32. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga tsoho da jariri da mai azumi. Amma ba iyakwandishan ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ita ce, ka riƙe kuɗinka.

Kada ka ɗauko lissafin Turai ka ɗora wa garinmu Babura. A Jamus ko Ingila ƙarƙashin ƙasa bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba, saboda zafin ƙasa yana bin matsakaicin yanayin garin ne na shekara. Ban da haka, su babban kuɗinsu a ɗumama gida yake tafiya, wata biyar ko shida ana biya. Shi ya sa Ma'aikatar Makamashi ta Amurka take cewa injin mai tsadar nan na iya mayar da ƙarin kuɗin da aka kashe masa cikin shekara 5 zuwa 10. Kai nawa kake kashewa wajen ɗumama ɗaki? Bargo ne da ɗan gawayi na makonni kaɗan tsakanin Disamba da Janairu. Rabin ribar da suke ƙirgawa babu ita a gidanka tun kafin a fara.

Kada ka yarda da mai ce maka ƙara zurfi ƙara sanyi. Idan an nutsa sosai, akasin haka ne. Bayan an wuce wajen mita 10 zuwa 15, zafi ƙaruwa yake yi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Kuma kada a rikita ka da labarin Kenya, inda ake samar da lantarki da tururin ƙarƙashin ƙasa a Olkariya, ko na Aisilan, inda kusan gida tara cikin goma ke ɗumama da ruwan zafi na ƙasa. Waɗannan ƙasashen duwatsu masu aman wuta ne. Mu abin da muka fi sani shi ne maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari, mai digiri 31, ɗumin wanka kawai.

Kada ka binne bututu alhali rufinka kwano ne tsirara babu silin. A nan ne na fi jin takaici, domin a nan muka fi yin asara. Mun rushe soron da kakanninmu suka gina da tubali da azara, mai kaurin bango, wanda ke shanye zafin rana bai sake shi sai dare ya raba, mun maye gurbinsa da bulo mai inci shida da kwano a kansa, da 'yar taga guda mai kallon yamma. Ɗaki irin wannan murhu ne. Zafin da kwano ke zubowa da rana ya ninka abin da bututu zai iya kwashewa, sai ka zama mai zuba ruwa a kwando. Saboda haka ka fara da sama. Ka sa silin, ka bar sarari tsakaninsa da kwano da kafofin da iska mai zafi za ta fice. Ka shafa wa rufin farin fenti. Ka fito da baranda ta tare bangon gabas da na yamma. Ka buɗe tagogi biyu masu kallon juna. Ka dasa darbejiya tun yau, kada ka jira a gama gini. Idan kuma sabon gini za ka ɗora, ka zauna da magini na gargajiya kafin ka zauna da mai buga bulo. Ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda ta fi kowace daraja a fagen zanen gine-gine, da ƙasar ƙauyensu Gando ya yi suna. A zanen makarantar sakandaren garin ya sa bututun iska a ƙarƙashin ƙasa, amma tare da rufi mai hawa biyu da itatuwa da jiƙa ƙasar da ke kewaye. Bututun na ƙarshe ne a jeri, ba na farko ba.

Ka san irin ƙasar da ke filinka. Yawancin ƙasar Babura jigawa ce, yashi ne mai sauƙin haƙa. Sai dai busasshen yashi ba ya ɗaukar zafi ya wuce da shi da sauri. Jiƙaƙƙe ya ninka shi sau da yawa. Ga shi kuwa lokacin da ka fi bukatar sanyi, Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Idan fanka ta yini ta kwana tana aiki, yashin da ke manne da bututu zai ɗumama, sanyin ya ragu. Maganinsa: a lulluɓe bututun da laka ko jar ƙasa a daddaɓe, a bi da shi ta ƙarƙashin inuwa ko lambun da ake bai wa ruwa, a kuma kashe fanka da dare idan waje ya yi sanyi, ƙasa ta huta. A wajajen Kazaure da Roni da sassan Gwiwa matsalar daban ce: dutse yana kusa. Dutse yana kwashe zafi da kyau, amma fasa shi zai cinye kuɗin aikin duka. Ka sa a haƙa ramin gwaji guda. Idan diga ta yi ƙara kafin mita biyu, ka haƙura.

Kada ka tura ɗan kowa cikin rami mai zurfin mita uku a yashi ba tare da an tokare bango da katako ko an kwantar da gefensa ba. Yashi ba ya gargaɗi kafin ya rufta. Ka nemi masu haƙar rijiya, su suka san halinsa. Kuma kada a bar ramin a buɗe yara na wasa a kusa. Babu sanyin da ya kai ran mutum.

Kada ka rage tsawo ko zurfi don tsimi. Ƙasa da mita biyu, zafin rana yana kaiwa. Mita uku ya fi. Tsawo mita 30 zuwa 40, faɗin bututu inci shida zuwa takwas, iska kuma ta tafi a hankali don ta sami lokacin hucewa. Fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari tsawonsa kusan mita 30 ne kacal, don haka ko ka raba bututun biyu da tazarar mita guda a tsakani, ko ka kewaya da shi. Ka lura, rami mai tsawon mita 40, zurfin uku, faɗin ɗaya, ƙasa ce kubik mita 120 da za a fitar a mayar. Kuɗin lebura ne zai fi na bututu. Shi ya sa lokacin yin wannan aiki shi ne lokacin haƙa harsashin gini, ba bayan an yi daɓe an shiga gida ba.

Ka nisanta shi da shadda da sokawe da kwata. Iskar nan ita iyalinka za su shaƙa. Ka ɗaga bakin bututun sama da ƙasa kamar tsayin ƙirji, a inuwa, ka sa masa hula da raga mai ƙananan idanu saboda sauro da ɓera da maciji da kunama, da matacin ƙura da za a riƙa wankewa, musamman da hunturu. Duk mahaɗa a liƙe ta sosai. Inda ƙasa ke da dutse, akwai iska mai cutarwa da ake kira radon, ba ta da wari, tana iya kutsowa ta tsaga.

Kada ka manta da damina. Iska mai laima idan ta bi ta bututu tana barin gumi, gumi ya kawo fumfuna, fumfuna ta kawo tari. Ka karkata bututun kaɗan, santimita biyu a kowace mita, zuwa wani ɗan rami da za a iya kwashe ruwan. Daga Yuli zuwa Satumba ka toshe shi gaba ɗaya, ka buɗe tagoginka.

Da hunturu ka yi amfani da shi. Daren da waje ya sauka digiri 13 ko 14, bututun zai shigo da iska mai ɗumi. Ko da shi ko babu shi, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Hayaƙinsa marar launi yana kashe mutane cikin barci.

Injin mai tsada kuwa, kada ka saya wa gidanka. Gaskiya ne yana da tsimin wuta, kuma tiyon da aka binne kan yi shekara 50. Amma yana bukatar lantarki tsayayye, kai kuwa ka san yadda wuta take a garinmu, ka san abin da man janareto ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Idan ya lalace, wa zai gyara? Daga ina za a kawo kayansa? Iyakwandishan ta yau da kullum, ko a Kazaure ko a Kano za ka sami mai gyaranta. Sannan huda ƙasa ba wasa ba ne: a garin Staufen na Jamus, ramukan da aka haƙa a 2007 don ɗumama ofishin magajin gari sun sa ruwa ya shiga wani irin dutse mai kumbura, ƙasa ta ɗago, gidaje sama da ɗari biyu suka tsattsage. Babban asibiti ko makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na iya gwadawa, da injiniyoyi da awo na shekara guda. Magidanci bai kamata ya zama zakaran gwajin dafi ba.

Kada ka raina ƙaramar dabara. Muhammad Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya karɓi lambar Rolex a 2000. Busasshiyar iskar bazararmu tana sa ruwa ya tashi ya tafi da zafi, dalilin sanyin randa ke nan. Jiƙaƙƙen buhu a taga da fanka a bayansa, a watan Maris, zai ba ka abin da ba ka zata ba.

Ka yi lissafinka a takarda, da farashin kasuwar wannan makon, ba na bara ba. Layi na farko: haƙa, bututu, raga, fanka mai wat 50, faifan sola da batir. Layi na biyu: silin, fenti, baranda, tagogi, itatuwa. Layi na uku: iyakwandishan mai cin wat kusan dubu da solar da za ta ɗauke ta. Idan kuɗinka na layi ɗaya ne kawai, ka yi na biyu. Idan ka gama na biyu, kana da fili, ƙasarka ba dutse ba ce, kuma ba a zuba harsashi ba tukuna, to ka binne bututu ɗaya zuwa ɗaki ɗaya, na tsohuwa ko na yara, ka auna zafinsa kullum da azahar daga Maris zuwa Mayu. Kada ka ƙara bututu na biyu sai ka ga abin da ma'aunin ya nuna.