Na cire wa fim ɗina launi, me ya sa bai zama "nuwar" ba?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Talata Mafara. An ba mu aikin aji, kowa ya shirya gajeren fim irin wanda ake kira fim nuwar. Na ɗauki nawa da waya, na mai da shi fari da baƙi, amma malam ya ce da sauran aiki. Ina matsalar take?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Abin da kake son sani shi ne ko rashin launi kaɗai ya isa. Bai isa ba, amma da dalilinka, domin yawancin finafinan farko na wannan salo fari da baƙi ne.

Nuwar kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Wani mai sharhin fim a Faransa, Nino Frank, shi ya laƙaba sunan a 1946 ga wasu finafinan Amurka na aikata laifi, irin su The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944. Duhun da ake nufi yana cikin labari da hasken hoto. Shi ya sa Chinatown na 1974, mai launi ne, amma ana lissafa shi cikin zuriyarsu.

Fara da labarin. Jarumin nuwar mutum ne kamar kowa, wanda kwaɗayi ko bashi ko so ya ja shi ya taka sawun ɓarawo, daga nan kowace dabara ya yi sai ta ƙara nutsar da shi. A Double Indemnity, ma'aikacin inshora ne ya shigo ofis da dare da raunin harsashi, ya zauna yana naɗar bayanin laifinsa, sai fim ya koma baya. Mai kallo ya san ƙarshe tun farko, abin da ke riƙe shi shi ne yadda aka kai can. Kai ma ba sai ka aro ɗan sandan ciki mai malafa da aka saba gani a salon ba. Ka ɗauki wani da manoman shinkafa na Bakolori suka damƙa wa kuɗin taki, ya taɓa kaɗan da niyyar mayarwa, ga lokacin shuka ya ƙarato, ga wani daga Bakura ya san sirrinsa. Minti 5 ya ishe ka. In ka sa mace mai yaudara, kamar yadda aka saba a salon, ka ba ta nata dalilin, kada ka ɗora mata laifin kowa.

Sai haske, inda nake zaton malaminka ya fi dubawa. Dabarar hasken nuwar ta samo tushe daga finafinan Jamus na shekarun 1920, kuma masu shirya fim irin su Fritz Lang sun tafi da ita Amurka bayan hawan 'yan Nazi mulki. Ka'idarta fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe, sauran wuri a bar shi da duhunsa. Hasken rana tsaka ya game ko'ina, ko ka cire launi toka-toka hoton zai fito.

Ka gwada wannan. Shiga zaure, ka rufe ƙofa, ka ajiye tocila mai caji a gefen ɗan wasanka daidai kunnensa. Rabin fuskarsa zai haskaka, rabi ya ɓace. Sauke tocilar ƙasa, inuwarsa ta hau bango ta fi shi girma. Sannan ka rataya asabari tsakaninsa da fitilar, za ka ga layi-layin inuwa sun kwanta masa a fuska, irin waɗanda Amurkawa ke samu daga labulen taga mai tsaga-tsaga. A wayar kuma ka danna wurin da ya fi haske, ka rage hasken da hannunka, in ba haka ba za ta yi ta ƙoƙarin haskaka duhun, hoton ya yi yashi-yashi.

Ina roƙonka, kada neman hoton dare ya fitar da ku bayan gari ko hanyar Maradun. Ka san halin tsaron da ake ciki. Zaure a rufe da rana ya wadatar, in kuma teburin mai shayi kake so, ka nemi izininsa a cikin unguwarku.

Muryar mai ba da labari kuwa, in za ka sa ta kamar a Double Indemnity, ka naɗe ta daban a ɗaki, lokacin da janareta da injin niƙa suka yi shiru, wayar na kusa da bakinsa, sannan ka ɗora ta a kan hoton. Ka sa ya yi magana a hankali, da irin Hausar da yake yi a gida.